Alkawari Kaya Ne: Tarihin Dokar Ciniki Da Ta Ɓarna Tun Zamanin Fatake

A kakar bara wata magana ta taso a nan Ɗan Iya wadda ta cinye wa dattawanmu yammaci uku a zaure ɗaya. Wani ɗan uwanmu mai sayar da hatsi ya loda buhu arba'in na masara ya tura wa abokin cinikinsa a Kudu. Duk maganar a waya aka yi ta. Shi mai masara ya ce sun yi a kan za a biya shi bayan mako biyu, shi kuwa wancan ya ce a'a, cewa aka yi sai ya sayar. Ana cikin wannan sai ga wata kuma: ashe buhu shida sun jiƙe a hanya, don direba bai rufa tamfol da kyau ba. Babu takarda, babu shaida, kowa kuma yana cewa a kawo Alƙur'ani ya rantse. Da ƙyar aka yi sulhu aka raba asara, amma cinikin shekara goma sha biyu a nan ya mutu.

In muka duba, tambayoyi biyu ne suka hana dattawan nan tashi. Ta farko, me aka ƙulla tsakanin mutanen biyu? Ta biyu, wa zai ɗauki asarar abin da ya lalace? Ta farkon ita lauyoyi ke kira dokar yarjejeniya ko kwangila. Ta biyun kuwa dokar ɓarna, wato haƙƙin da ke hawa kan mutum in ya cuci wani da gangan ko da sakaci, ko da babu wata yarjejeniya a tsakaninsu. Mukan ji ana cewa ai kakanninmu da amana kawai suke ciniki. To, mun ga ya kamata mu waiwayi tarihi, domin abin da ya nuna shi ne amanar tasu tana da masu gadi, wato shaidu da mai lamuni da alƙali. Mu ne muka riƙe sunan amanar muka sallami masu gadin.

Birnin Yakubu da fatake

Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa birnin Bauchi a 1809, ya kewaye shi da ganuwa, ya yi sarauta har ya rasu a 1845. Sabon birni yana bukatar mutane, sai kuwa suka yi ta kwararowa: fatake da marina da masaƙa da maƙera da malamai, daga Kano da Zazzau da Katsina da Barno. Da yawa daga cikinmu zuriyar waɗannan ne, ko ta waɗanda suka biyo sawunsu daga baya. Bauchi ta zauna a kan hanyar da ta haɗa Kano da kwarin Binuwai da Adamawa, saboda haka kanwa da gishiri da tufafi da dawaki da hauren giwa duk suna ratsa ta, har da bayi, domin ba a faɗin tarihi a ɓoye ɗacinsa. Baturen Jamus Gerhard Rohlfs da ya sauka a garin a 1867 ya tarar da shi babban birni mai yawan jama'a da hada-hada.

Falke ba ya tafiya shi kaɗai. Ayari yana da madugu, shi ke daidaita abin da za a biya sarakunan hanya, shi ke raba gardama in ta tashi a daji, inda babu alƙali. Yawancin dukiyar da ke kan jakuna kuwa ba ta masu korar jakunan ba ce. Attajiri ne a gida zai ba falke jari ya juya, su raba riba a kan kason da suka yarda tun farko, rabi ko sulusi. Wannan shi malamai ke kira ƙiradi, kuma hukuncinsa a fili yake: in aka yi asara ba da sakaci ba, mai jari ya yi asarar kuɗinsa, falke ya yi asarar wahalarsa. Amma in falke ya ƙetare sharaɗin da aka gindaya masa, ya bi hanyar da aka hana shi alal misali, to shi zai biya.

In ayari ya iso gari, kowane falke yana da gidan da yake sauka. Maigidan nan, wanda wasu ke kira fatoma, shi ke ajiye masa kaya, ya ciyar da shi, ya nemo masa dillali, in kuma an sayar da kayan bashi shi ke tsaya wa mai sayen. Dillali yana da la'adarsa sananniya. Ka ga ke nan tun kafin baƙo ya buɗe baki, akwai mutum biyu da suka san abin da aka ƙulla, ɗayansu ma wuyansa na ciki.

Tayi, albarka, sallamawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kasuwar Wunti ko karar shanu ta Mararrabar Liman Katagum ya san dokar yarjejeniya, ko da bai san sunanta ba. Mai saye ya taya. In tayin bai kai ba, mai kaya ya ce albarka, tayin nan ya mutu ke nan sai an sake wani. In ya kai, sai ya ce na sallama, dillali ya maimaita farashin da ƙarfi kowa ya ji, a ce Allah ya sa alheri. Daga nan ciniki ya faɗa. Abin da ɗaliban lauya ke shafe wata guda suna karantawa a kan tayi da amsawa, shi ke nan a cikin kalmomi uku.

Abin da ya tsaya a bayan wannan al'ada shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda alƙalan Bauchi suke hukunci da shi tun zamanin Yakubu. Littattafansu sanannu ne a zaurukanmu: Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da Muhtasar na Shehu Halil na Masar, wanda malamanmu suka raba Lawwali da Sani, da kuma Tuhfa ta Ibn Asim alƙalin Garnaɗa, wadda jagora ce ta masu hukunci. A wurinsu ciniki yana da ginshiƙai uku: masu ƙulla shi, su kasance masu hankali kuma ba a tilasta su ba, kaya da farashi, su kasance halal, sanannu, waɗanda za a iya miƙawa, sai abin da ke nuna yarda, magana ce ko miƙa da karɓa kawai. A mazhabar Imam Malik da zarar an sallama ciniki ya ɗaure, ba sai an tashi daga wurin ba.

Sai dai an bar ƙofofin fita. Mutum na iya sa sharaɗin zaɓi, ya gwada kaya na ɗan lokaci, kamar kwana uku ga dabba, kamar wata guda ga gida. In kuma ya gano aibin da aka ɓoye masa, sa mai tari ko dokin da ke ɗingishi bayan tafiya, yana da ikon mayarwa ya karɓi kuɗinsa. An hana cinikin da ke da duhu a ciki, kamar sayar da ɗan da ke cikin saniya ko 'ya'yan itace tun ba su nuna ba, an kuma hana riba a kan bashi. In aka je gaban alƙali, mai ƙara shi zai kawo hujja, wato shaidu biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarsa in maganar dukiya ce. In ya rasa, wanda ake ƙara ya rantse ya tafi.

A nan ne ya kamata mu tuna cewa aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Attajiran da suna da malamai a gidajensu masu rubuta musu wasiƙu da lissafin bashi da Larabci ko ajami. Mai cewa neman takarda rashin yarda ne da ɗabi'ar Nasara, bai san tarihin gidansu ba.

Wa zai biya ɓarna?

Ɓangare na biyu shi malamai ke kira lamuni, wato ɗaukar nauyin abin da ya salwanta. Asalin hukuncin shi ne duk wanda ya lalata dukiyar wani zai biya, ko da gangan ko da kuskure, ya kawo kwatankwacinta in abin awo ne kamar hatsi, ko ƙimarta in kamar dabba ce. Amma wanda aka ba ajiya amintacce ne, in ɓarawo ya fasa ɗakinsa ya kwashe ba ya biya, sai in ya yi sakaci ko ya taɓa ajiyar.

Malikiyya sun ware masu sana'a daga wannan sassauci. Marini ko maɗinki ko maƙerin da ya buɗe wa jama'a ƙofa, in ya karɓi kayan mutum ya shiga da su, sannan ya ce sun ɓata, zai biya, sai fa in ya kawo shaidun cewa ba laifinsa ba ne. Dalilinsu shi ne maslahar jama'a: mutane ba su da makawa sai sun kai kayansu, in aka ce rantsuwa ta isa dukiya za ta ƙare. Haka suka yi wa mai dakon kayan abinci, domin abinci abu ne da hannu ke saurin kai wa. Teloli da makanikai da direbobinmu na yau su lura, wannan hukunci ya girme su da shekara fiye da dubu.

Ɓarnar dabbobi ma tana da ƙa'ida, wadda ta samo asali daga hukuncin da aka yi a Madina kan taguwar Bara'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani. Abin da dabba ta ɓata da dare yana kan mai ita, domin da dare shi ya kamata ya tsare ta. Da rana kuwa tsaron gona yana kan mai gona, muddin makiyayi bai kora su bakin shuka ko ya yi sakaci ba. Wanda ke kan doki ko yake jan sa, shi ke da alhakin abin da ya taka. Wanda ya haƙa rami inda bai da ikon haƙawa, wani ya faɗa, shi ma zai biya. In rai aka rasa bisa kuskure sai diyya, raƙuma 100 ko dinari 1,000 ko dirhami 12,000, kuma dangin mai laifin na wajen uba ne ke haɗuwa su biya a cikin shekara uku. Wato dai dangi su ne inshorar wancan zamani.

Zuwan Turawa da dokar Ingila

Ranar 1 ga Janairu, 1900, Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, a watan Fabrairu na 1902 kuma sojojinsa suka iso Bauchi suka tuɓe Sarki Umaru. Turawa ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun ba su takardar izini, daga baya suka kasa su daraja-daraja, suka ce su ci gaba da hukunci muddin bai saɓa wa abin da su Turawan suke gani adalci ba ne. A gefe guda kuma suka kafa nasu kotunan, suka shigo da dokar Ingila kamar yadda take a ranar nan ta farkon 1900. Tun daga lokacin ɗan kasuwar Arewa yake zaune a ƙarƙashin doka biyu.

Da farko talaka bai ji bambanci ba. Wanda ya fara ji shi ne mai hulɗa da kantunan Turawa. Da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911 cinikin gyaɗa da fata da auduga ya buɗe, kamfanoni irin su Neja Kamfani da John Holt suka riƙa ba attajirai kuɗi su sayo musu amfanin gona. Alhasan Ɗantata, wanda ya fara da fataucin goro a Gwanja, ta wannan hanya ya ƙara bunƙasa. To, alƙali ba shi da iko a kan Bature, saboda haka in rigima ta tashi da kanti, a kotun Turawa ake yi, a can kuwa takardar da ka dangwala wa hannu ita ce ke magana. Don haka ne ma aka yi dokar kare wanda bai iya karatu ba, wadda ta wajabta wa mai rubuta masa takarda ya karanta masa ita, ya kuma sa sunansa da adireshinsa a ƙasa.

Dokar Ingila ta yarda da tayi da amsawa kamar yadda muka san su, amma ta ƙara sharuɗɗa biyu. Dole kowane ɓangare ya ba da wani abu a madadin abin da zai samu, kuma dole ya kasance da gaske suke nufin ɗaure kansu. Wata tsohuwar shari'a ta 1892 ta bayyana wannan. Wani kamfani a Landan ya yi talla cewa duk wanda ya shaƙi maganinsa yadda aka tsara kuma mura ta kama shi, za a ba shi fam 100, har ya ce ya ajiye fam 1,000 a banki don a san ba wasa yake ba. Wata mata mai suna Carlill ta shaƙa, mura ta kama ta, kamfani ya ce ai zuga ce irin ta talla. Kotu ta ce ya biya. Masu yawo da lasifika suna cewa in bai yi aiki ba ka dawo ka karɓi kuɗinka, sai su yi hattara.

Akwai kuma dokar sayar da kaya ta 1893, wadda jihohi da yawa suka gina nasu dokokin a kanta. Ta ce kaya su dace da yadda aka siffanta su da samfurin da aka nuna. Ta kuma ce in ba a yi wani sharaɗi ba, miƙa kaya ga mai mota don ya kai wa mai saye ana ɗaukarsa tamkar miƙa wa mai sayen ne. Da mai masarar nan tamu ya san wannan, da maganar buhu shida ta ɗauki wata hanya dabam.

Yadda zango ya tsare amanarsa

Duk da waɗannan kotuna, 'yan uwanmu da suka zauna a garuruwan Kudu ba su cika zuwa kotu ba. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Ya tarar ana kawo shanu daga Arewa ana sayar wa mahautan Yarabawa bashi na 'yan makonni, babu sa hannu babu lauya. Me ya sa kuɗin ke dawowa? Saboda maigida ya tsaya wa mai shanu, in mahauci ya ƙi biya shi zai biya daga aljihunsa. Saboda dillalai sun san kowane mahauci da iyakar bashin da zai iya ɗauka. Saboda ana yin cinikin a gaban mutane, maigida kuma yana da yaro mai rubuta lissafi. In mahauci ya ci amana sai masu gidaje su haɗa baki su daina sayar masa. In maigida ne ya ci amana, labari zai riga shi zuwa Arewa, baƙi su ƙaurace wa gidansa.

Wannan tsari yana aiki ne domin hanya ɗaya ce kuma kowa ya san kowa. Yau fa? Jirgin ƙasa ya iso Bauchi a 1961, manyan motoci suka biyo baya, sannan waya da turin kuɗi ta banki. Yanzu yaro ɗan shekara ashirin zai tura tirela guda ga mutumin da bai taɓa gani ba, bai sauka gidan kowa ba, babu wanda ya tsaya masa. An tsallake maigida don a tsira da la'ada, ba a kuma sa komai a gurbinsa ba.

Dodon koɗi a cikin kwalba

A ɓangaren ɓarna, shari'ar da ta sauya dokar Turawa ta faro ne daga wani shagon shan ruwa a garin Paisley na Sikotland a 1928. Aka saya wa wata mata, May Donoghue, lemon citta a kwalba mai duhu. Ta sha rabi, da aka juye sauran, in ji ta, sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, ta kwanta ciwo. Ba ita ta saya ba, saboda haka ba ta da yarjejeniya da kowa. Amma a 1932 kotu mafi girma a Birtaniya ta ce tana da ikon ƙarar mai kamfanin, domin wajibi ne mutum ya kula kada aikinsa ya cuci maƙwabcinsa, maƙwabci kuwa shi ne duk wanda ya kamata ka san abin da kake yi zai iya shafarsa. Kotunan Nijeriya sun ɗauki wannan. A 1973 wata kotu a Legas ta ba wata mata diyya saboda ruɓaɓɓen haƙorin da ta tarar a cikin biskit. Mai gidan burodi da mai ruwan leda da mai sayar da magani duk wannan hukunci yana kansu.

Wata ƙa'idar kuma ta 1868 ta ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa, ya kuɓuce ya yi wa maƙwabta ɓarna, zai biya ko da ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Da ita Kotun Ƙoli ta kama kamfanin Shell-BP a 1975 kan man da ya malala ya kashe kifin mutane. Mai jibge jarkokin fetur a cikin gida a tsakiyar unguwa ya san inda ya tsaya. Haka kuma ɓarnar da yaronka ya yi a bakin aikinka tana kanka: in direbanka ya yi ganganci ya buge mutum, kai mai mota za a nema. Shi ya sa tun dokar 1945 aka wajabta inshorar mota, don ta yi aikin da dangi ke yi a da.

Ko babban kamfani ba ya tsira. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, yara 200 suka shiga gwajin, 11 suka rasu. Aka yi ta shari'a a Nijeriya da Amurka, kamfanin bai amsa laifi ba, amma a 2009 ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Kotuna biyu, da inda suka saɓa

Gab da samun mulkin kai aka kira kwamitin masana a 1958 ƙarƙashin Abu Rannat, babban jojin Sudan. A sakamakon shawararsa aka yi sabuwar dokar laifuffuka da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a 1960, aka bar wa alƙalai hukuncin ciniki da bashi yadda suka gada. A 1967 da 1968 sojoji suka soke kotunan sarakuna, suka ƙwace kotunan alƙalai daga hannun En'e suka mai da su kotunan yanki. An ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976, a 2001 kuma ta kafa kotunan Shari'a. A 1998, a shari'ar Alkamawa da Bello kan cinikin wani gida a Sakkwato, Kotun Ƙoli ta ce shari'ar Musulunci cikakkiyar doka ce mai zaman kanta, ba al'adar wata ƙabila ba.

To amma dokokin biyu ba a komai suka haɗu ba, kuma a nan mutanenmu ke faɗawa rami. Ga misalai huɗu. Kafin alƙalami: a dokar Turawa in mai saye ya fasa, mai kaya na iya riƙe shi, a Malikiyya kuwa cinikin da aka gina a kan cinye shi bai halatta ba. Lamuni: tsayawar da maigida ke yi da baki tana ɗaure shi a gaban alƙali in akwai shaidu, amma a dokar da muka gada daga Ingila tsaya wa bashin wani sai da rubutu da sa hannu. Alkawarin kyauta: Turawa sun ce ba ya ɗaure kowa tunda ba a ba da komai a madadinsa ba, Malikiyya kuwa sun ce in ka yi wa mutum alkawari har ya shiga ɗawainiya saboda shi, alƙali zai sa ka cika. Tsufan bashi: a kotun Turawa in ka yi shiru shekara biyar ko shida, gwargwadon dokar jiha, ƙofar ƙara ta rufe, ko da kowa ya san ana bin kuɗin. In abokin cinikinka yana Anaca ko Legas, ka san cewa a ƙarƙashin dokar Turawan nan za ku ƙare.

Kammalawa

Saboda haka, 'yan uwa, ga abin da muka tsinta. Duk cinikin da zai kwana, a rubuta shi, da boko ko da ajami: sunayen masu ciniki, irin kaya da yawansu, farashi, ranar biya, da wanda zai ɗauki asara in kaya sun lalace a hanya. A sa hannu, shaidu biyu su sa. In a waya aka yi, a bi shi da rubutaccen saƙo wancan ya amsa, domin dokar shaida ta 2011 ta buɗe ƙofar karɓar irin waɗannan saƙonni a kotu. Direba ya ƙirga buhu ya sa hannu kafin ya tashi. Wanda zai tsaya wa wani ya san nauyin da yake ɗauka, wanda aka tsaya masa kuma ya nemi a rubuta.

In bashi ya maƙale, a fara da sulhu wajen dattawa ko sarkin kasuwa, in ya ƙi a tafi kotu tun lokaci bai ƙure ba. Kada a kai ofishin 'yan sanda, domin dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya, kuma wanda ka sa aka tsare yana iya juyowa ya nemi diyya a kanka. Haka nan yaɗa hotonsa a WhatsApp ana kiransa ɓarawo, wannan ɓata suna ne, shi ma ɓarna ce mai diyya.

Mun ji cewa mai masarar nan yanzu ba ya rabuwa da ɗan littafi a aljihun gaba, har abokansa na yi masa ba'a suna kiransa akawu. Ya ce su yi ta yi, ai kakansa ma da ya zo daga Kano da jakuna yana da malamin da ke rubuta masa bashi. Allah ya ba mu ikon cika alkawari, ya tsare mu daga cin haƙƙin juna. Amin.